Injin tace ruwan wanki ya daina ja bayan mako uku: jabu ne, ko omo ne ya cinye shi?

Wani Alhaji mai gidan wanki da guga a Garwa, wanda yake da wurin wankin mota a gefe, ya aiko da tambaya. Kuɗin ruwa ne ya ishe shi, sai ya sayo injin tacewa domin ya riƙa mayar da ruwan wankin da yake zubarwa a kwata. Injin hawa biyu ne: tulun farko mai zare-zare a ciki, wanda takardarsa ta kira UF, sai dogon tulu na biyu, RO, mai tare har gishirin da ya narke a ruwa, wanda masu Faransanci ke kira osmos. A makon farko yana samun lita 500 a awa, kafin mako uku ya koma 200 da 'yan kai. Yaronsa ya ƙara matsi, ba ta canza zani ba. Suka wanke duka biyun da ruwan Javel, wato ruwan kulorin na farar da kaya, ruwa ya dawo da ƙarfinsa, amma 'yar na'urar auna gishiri da take nuna 20 ta koma nuna 150. Yana so ya sani: jabu aka sayar masa, ko omo ne yake cin tantanin, wato siririyar fatar tacewa da ke cikin tulunan?

Alhaji, barka da ƙoƙari. Ban ga injinka ba, amma yadda ka ba da labarin, ina kyautata zaton ba jabu ba ne. Omo kuma ba ya cin tantani. Abin da yake yi shi ne ya manne masa. Wanda ya ci tantanin shi ne Javel, kuma zan zo kansa. Bari mu fara da mannewar, domin ita ce tushen duk abin da ya biyo baya.

Abin da ke sa omo da sabulu da shamfu su fitar da dauɗa wani sinadari ne da za ka ga an rubuta tensioactif a bayan leda ko jarka. Ni zan kira shi sinadarin kumfa, ko da yake ba kowane irinsa ne mai kumfa sosai ba. Ka ɗauki ƙwayarsa ɗaya kamar tsinken ashana. Kan yana son ruwa. Sandar kuwa 'yar gidan mai ce, ba ta ƙaunar ruwa ko kaɗan. Idan aka jefa ta cikin ruwa, sandar takan yi ta neman wurin ɓuya: ta shige cikin maiƙon da ke wuyan riga, ko ta leƙa sama ta yi kumfa, ko ta kwanta a jikin duk wani abu mai tauri da ta samu. Wannan halin ne ya sa take wanki. Shi ne kuma ya sa take damun tantani, don tantanin UF da roba ake yinsa, galibi irin da ake kira PVDF ko PES, kuma a wurin sandar nan roba gida ce.

Mutane sukan ɗauka toshewa sai da datti mai gani, kamar yadda tsaki ke toshe rariya. A nan ba haka ba ne. Ramukan tantanin UF faɗinsu tsakanin nanomita 10 ne zuwa 100. Nanomita ɗaya shi ne a raba milimita gida miliyan, kuma silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ƙwayar sinadarin kumfa tsawonta bai wuce nanomita 2 ba. Ke nan ramin ya fi ta girma nesa ba kusa ba, ba za ta tsaya a bakinsa ba. Shiga take yi, ta liƙe a bangon ramin daga ciki, 'yar'uwarta ta zo ta kwanta kusa da ita, har su yi wa bangon yaɓe.

Ga lissafin da nake yi wa duk wanda ya ce mini yaɓen nanomita 2 ai ba komai ba ne. Wani likitan Faransa mai suna Poiseuille, da yake nazarin gudun jini a ƙananan jijiyoyi a shekarun 1840, ya nuna cewa ruwan da ke bi ta siririn bututu yana tafiya ne da faɗin bututun an ninka shi a kansa sau huɗu. Ka ɗauki rami mai faɗin nanomita 20. A yi masa yaɓen 2 ta kowane gefe, saura 16, wato kashi 80 cikin ɗari na faɗinsa na da. Ka buga 0.8 sau 0.8 sau 0.8 sau 0.8, za ka sami 0.41. Faɗi ya ragu da kashi 20, ruwa ya ragu da kusan kashi 60. Daga 500 zuwa 200 ke nan, kuma idan ka buɗe tulun za ka tarar da zaren fari tas, ka rantse babu abin da ya same shi. Misali ne kawai, don ramukan gaske ba su miƙe kamar bututu ba, amma ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa ido ba ya kama wannan ɓarnar.

Yanzu ga inda maganar take da zurfi: sinadaran kumfa iri uku ne ke shiga magudanarka, kuma halinsu da tantani ya sha bamban. Bambancin yana kan ashanar. Wani kan yana ɗauke da cajin lantarki mai alamar ɗebewa, wani mai alamar tarawa, kamar kawunan batir biyu, wani kuma ba shi da caji sam.

Mai alamar ɗebewa shi ne mafi yawa. Shi ne ƙashin bayan omo, wanda ake taƙaita sunansa da LAS, da na shamfu, da sabulun sanda ma. Fatar tantanin RO, wadda ake yi da wata roba mai suna foliyamid, ita ma cajinta na ɗebewa ne a ruwan da ba mai tsami sosai ba. Iri ɗaya ba sa jituwa, kan yana tunkuɗe fatar. Don haka wannan irin yana mannewa, amma da sanyin jiki, kuma wanki mai kyau yana ɗaga shi. Sai dai idan ruwan rijiyarka irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a ciki ne, wato mai kalsiyam da yawa, labari ya canza. Kalsiyam hannu biyu gare shi, dukansu na tarawa: ya riƙe fatar tantani da ɗaya, ya riƙe sinadarin da ɗaya, ya ɗaura musu aure. Da sabulun sanda kuwa abin ya fi muni, domin haɗuwarsa da kalsiyam ita ce ke ba da farin dusar nan mai danƙo da kake gani ta zagaye bahon wanka.

Marar caji yana cikin omo na ruwa da sabulun wankin mota da na goge daɓe. Tunda ba abin da ke tunkuɗe shi, kwanciya yake yi a kan roba son ransa, kuma ɗan kaɗan ya ishe shi ya rufe fili. Yana da wani baƙon hali: yawancin abubuwa sun fi narkewa a ruwan zafi, shi kuwa zafi rage masa son ruwa yake yi, sai ya ƙara neman abin liƙewa. Ka tuna da wannan idan ruwan injin wankinka yana shiga tanki da zafinsa.

Na uku, mai alamar tarawa, shi nake zargi a gidanka. Yana cikin ruwan laushin kaya mai ƙanshi da ake zubawa a ɗauraya ta ƙarshe, da man laushin gashi, da yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta na goge ɗaki, da wasu ruwan sheƙi da ake fesa wa mota bayan wanki. An ƙera shi ne musamman don ya liƙe wa auduga kada ɗauraya ta cire shi, domin auduga a ruwa cajinta na ɗebewa ne. To fatar RO ma haka take. Sai kan ashanar ya cafke fatar kamar mayen ƙarfe, sandar ta miƙe tana kallon ruwa. Fatar da aka yi ta don ta so ruwa ta wayi gari sanye da rigar maiƙo. Duk wani ɗigon mai da ya zo wucewa ya sami masauki. Idan sinadarin ya yi yawa, sahu na biyu ya hau kan na farko, sanda da sanda, kawunan tarawa suna waje, cajin fatar ya juye gaba ɗaya. Daga nan laka da ƙwayoyin cuta, waɗanda a da take korarsu, ita ce ke janyo su. Kamfanonin da ke ƙera tantanin RO suna rubuta gargaɗi ƙarara a littattafansu cewa wannan irin yana iya rage ruwa ragewar da wanki ba ya mayarwa.

Na taɓa yanka wani tulun RO na gidan wankin wani otal a Marwa, bayan sun canza tantani sau biyu cikin shekara ɗaya suna zagin wanda ya sayar musu. Da muka warware naɗin, fatar ba ta da ƙasa, ba ta da tsatsa. Na shafa yatsa, santsi kamar an zuba mata karkashi, ga ƙanshin turaren kayan gado yana tashi. Na ɗiga ruwa a kanta, ɗigon ya tsaya curi guda yana gangarawa kamar a kan ganyen gwaza. A kan sabuwar fata bajewa yake yi. Muka bi bututu, sai ga shi ruwan ɗaurayar zannuwan gado, mai ruwan laushin, yana faɗawa rami ɗaya da sauran.

Kuma haɗuwar ma wata masifar ce mai zaman kanta. Ka gwada yau: ka ɗebi ruwan omo a kofin gilashi, ka ɗiga masa ruwan laushin kaya kaɗan kaɗan. Zai yi gajimare, kumfar ta kwanta. Na ɗebewa da na tarawa ne suka rungumi juna, kawunan suka kashe cajin juna, aka bar sanduna biyu marasa son ruwa. Wannan danƙon ne ke tafiya zuwa tantaninka kullum.

Akwai kuma maganar yawa. Idan sinadarin ya kai wani mizani a ruwa, ƙwayoyin sukan daina yawo ɗai-ɗai su dunƙule, sanduna a ciki, kawuna a waje. Ga SDS, wani sinadarin kumfa mai alamar ɗebewa wanda aka fi yin gwaji da shi, mizanin kusan giram 2.3 ne a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, kuma kowane dunƙule yana da ƙwayoyi wajen 60. Gishiri yana sauko da mizanin ƙasa sosai, na marasa caji kuwa dama can ƙasa yake. Mannewa a bango tana ƙaruwa ne har zuwa wajen wannan mizanin, sannan ta tsaya, abin da ya ƙaru sai ya tafi dunƙule. Dunƙulen sukan taru a fuskar tantani su yi kauri kamar kunun kanwa. Abin mamaki, wannan kunun ya fi sauƙin magani, ruwa mai gudu yana share shi. Ƙwayoyin ɗai-ɗai da suka shige cikin rami su ne masu taurin kai. Shi ya sa ruwan ɗauraya mai haske, wanda kowa ke ganin ba shi da laifi, shi ma yakan yi tasa ɓarnar.

Kada kuma ka auna abin da ke tanki ka ce shi ne abin da tantani ke gani. Idan RO yana fitar da lita 75 masu kyau daga kowace 100, duk abin da ya hana wucewa ya taru a lita 25, ya ninka huɗu ke nan a ƙarshen tulun, a jikin fatar kuma ya fi haka. A nan ne ƙarin matsin da yaronka ya yi ya zama ƙarin gishiri a miyar da ta riga ta yi zartsi. Matsi yana kawo ƙarin sinadari fuskar tantani, ya danne wanda ke wurin. Ruwa ya ɗan ƙaru na awa ɗaya, washegari ya koma ƙasa da inda yake.

Wankin mota ya ƙara nasa. Baƙin mai idan shi kaɗai ne, tasowa yake yi, a kwashe. Da sabulu a ciki, farfashewa yake yi zuwa ɗigo ƙanana da ba sa tasowa, su wuce tarkon da ke tare mai, salin alin, su je su shafe zaren UF.

Sai Javel. Zaren PVDF yana jure shi, da shi ma ake wanke shi a ma'aunin da takarda ta faɗa. Foliyamid kuwa ba ya jurewa. Masu ƙerawa suna cewa kada kulorin a ruwan da ke shiga RO ya kai miligiram 0.1 a lita. Fatar da ke tare gishiri kaurinta bai wuce nanomita 200 ba, kulorin kuma yanka igiyoyinta yake yi. Ruwan da ka ga ya dawo da ƙarfi ta yagar ya bi. Tashin na'urarka daga 20 zuwa 150 shaida ce. Ba na so in ɓoye maka, wannan tantanin ya gama aiki, ba ya ɗinkuwa. Amma kada ka sayi sabo tukuna, don in ka saka shi a kan wannan tsarin, wata guda ya ishe shi.

Aikin farko ba na kuɗi ba ne, na mai gyaran famfo ne. Ka raba magudana. Ruwan ɗaurayar da aka sa wa ruwan laushi, da ruwan goge ɗaki, da na sheƙin mota, su bi hanyarsu daban kada su ga tankin injin. Idan injin wankin ba zai rabu ba, to kayan da za a sa wa laushi a ware musu inji ɗaya. Ka kuma tattara duk jarkokin da yaranka ke amfani da su ka karanta bayansu. Duk inda ka ga cationique, ko ammonium quaternaire, ko suna mai ƙarewa da -onium, wannan ba ya shiga.

Bayan haka ruwan ya bi ta raga don zaren tufa, ya bi ta tarkon mai, ya zauna a tanki ana hura masa iska. Hura iskar nan na fi ba ta muhimmanci a kan komai, domin ƙwayoyin halitta suna cinye LAS da kyau idan akwai iska, fiye da kashi 90 a matatun da ke aiki daidai, amma a rufaffen rami marar iska kusan ba sa taɓa shi. Zai yi kumfa a kwanakin farko. Kada wani ya kawo maka maganin kashe kumfa na silikon, shi ma mai shafe tantani ne. Sai alam. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuma ɓangaren kanwa, omo yana kai ruwa 9 zuwa 10, alam kuwa ya fi kamawa tsakanin 6 da 7.5, don haka sai an sauko da pH ɗin. Ka jera kwalabe biyar, ka zuba alam daban-daban, ka ɗauki mafi ƙarancin da ya kwantar da ruwan. Idan aka tallata maka garin folima mai sa datti ya dunƙule da sauri, ka tambayi cajinsa, da yawansu na tarawa ne, abin da ka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Daga nan yashi, sai gawayin tacewa. Gawayin aiki biyu yake yi, yana tsotse ragowar sinadarin kumfa, yana kuma kashe kulorin kafin RO. Yana ƙoshi, kuma ba ya faɗa. Ka riƙa cika rabin gora da ruwan da ya fito daga cikinsa, ka girgiza. Idan kumfa ta tsaya ta ƙi mutuwa, lokacin canji ya yi.

Abu biyu kuma na ƙasarmu da littafin injin ba zai gaya maka ba. Ɗaukewar wuta: duk lokacin da inji ya tsaya ba shiri, ruwan nan mai ninki huɗu yana kwance a kan fata, ba gudu, mannewa na samun lokacin da take so. Ka ɗora ƙaramin tanki na ruwa mai kyau a sama, da an ɗauke wuta yaro ya buɗe ya kore abin da ke ciki. Sai zafi. A watan Maris da Afrilu Garwa tana haura digiri 40, baƙin tankin roba a rana kuwa ya fi haka, iyakar tantanin RO kuma digiri 45 ce. Ka yi masa rumfa. A ɗaya gefen, ruwan da tantani ke bayarwa yana sauka da kusan kashi 3 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na sanyi. Idan hunturu ya shigo ruwa ya sauka daga digiri 32 zuwa 24, za ka rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar ba tare da wata toshewa ba. Na ga wanda ya yi ta wankin tantani lafiyayye a watan Janairu saboda wannan.

Wanki kuwa a yi shi da wuri, da zarar ruwa ya ragu da kashi 10 zuwa 15 bayan ka cire lissafin sanyi. Wanda ya bari sai ya kai rabi, da wuya ya ga lambarsa ta farko. Ga irin dattinka, soda mai ƙuna, irin ta yin sabulu, ake fara sawa, wajen giram 1 a lita, pH 11 zuwa 12, ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 35 ba, gudu da yawa, matsi kaɗan, a jiƙa a sake zagayawa. A ɗauraye sosai, sannan asid sitirik na kashi 2 cikin ɗari don kalsiyam da tsatsa. In ka fara da tsami, sabulu zai koma kitse ya daskare a wurin. Soda tana ƙona fata da ido, a sa safar hannu da tabarau. Za ka yi dariya idan ka ji cewa cikin haɗin wankin da masu ƙerawa suka yarda da shi akwai SDS ɗin nan dai, rubu'in giram a lita. Amma shi zaɓaɓɓe ne guda ɗaya, a pH ɗin da fata ke tunkuɗe shi. Omon kasuwa tarkace ne, da turare da sinadarin haske da marasa caji, kada a wanke RO da shi.

Ra'ayina, Alhaji, ka sake tunani ko kana ma bukatar RO a kan ruwan wankin. Ruwan da ya fito daga UF da gawayi ya isa jiƙo da wankin farko da wanke ƙasan mota da tayoyi, ɗan sabulun da ya rage a ciki ma ragin omo ne a gare ka. RO ka mayar da shi kan ruwan rijiya, don ɗaurayar fararen kaya da gilashin mota, inda ake gudun tabon gishiri. A can zai yi shekaru. Ruwan da aka mayar kuma, komai haskensa, ba na sha ba ne, ka rubuta a jikin tankin don yara.

Kafin ka kashe ko sisi, ka cire RO daga layi, ka wanke UF da soda sannan da Javel a ma'aunin takardarsa, ka tura masa ruwan rijiya zalla a matsin da ka fara da shi ranar farko, ka auna lita nawa yake bayarwa a minti goma. Ka aiko mini da wannan lambar, da zafin ruwan a lokacin, da hoton bayan kowace jarka da ke gidan wankin. Idan ya dawo sama da kashi 80 na ƙarfinsa na farko, zaren yana da sauran rai, tantanin RO kaɗai za ka saya.